Zogale a Filin Aro

Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu, allo kuma na jingine shi tun ban yi nisa ba, don haka kada kowa ya zo neman ilimin noma a wajena. Abin da na sani, da ƙugu da gwiwa na san shi. Na yi aikin masinja a wani ofis da ke unguwar Kongo har kaina ya yi fari, ina yawo da takardun da ban iya karanta rabinsu ba. Da aka sallame ni sai na koma kan abin da na gada, wani ɗan fili a gangaren Tudun Wada, inda gidaje ke ƙarewa kafin a kai rafi. Na ce na gada, amma a bi maganar a hankali. Aron na gada. Filin yana da mai shi.

Mai shi wani babban malami ne a cikin birni. Mahaifinsa ne ya ara wa mahaifina, da baki, a zaure, ba takarda ba sa hannu. Sharaɗin shi ne wanda kowa ya sani game da ƙasar aro: ba ka gini, ba ka haƙa rijiya, ba ka dasa itace. Abin da za ka shuka ka cire a shekararsa, shi ne naka. Maganar itace ita ce mafi tsanani, domin idan rigima ta tashi a kan ƙasa, abin da dattawa ke fara tambaya shi ne wa ya dasa wancan mangwaro. Wanda ya dasa, shi ake kallo da idon mai wuri. Sannan duk kaka ana kai wa mai fili ɗan abin da ƙasa ta bayar. Ba yunwa yake ji ba. Ana kaiwa ne don ya tuna nasa ne, kai ma ka tuna.

Mulkin gidanmu kashi biyu ne. Ƙasa da abin da ta fitar suna ƙarƙashin ma'aikatata. Duk wani abu mai numfashi, awaki, tunkiya, kaji da zabi, yana ƙarƙashin matata, wadda tun da yara suka watse nake kiranta Gwamnati, ita kuma tana kirana Sarkin Noma idan tana so ta ɓata mini rai. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. Ita tana ba ni taki daga turken awakinta, ni ina ba ta harawar wake da karan masara. Ba a taɓa karya wannan yarjejeniya ba, sai dai kowace shekara kowane ɓangare yana ganin an cuce shi.

Shekara tana tafiya kamar haka. Da bazara, lokacin da zafi ke sa kaza ta buɗe baki, nakan kwashe taki da baro in zuba tsibi-tsibi. Ruwa na sauka mai unguwa ya sa a yi shela a ɗaure dabbobi, sai unguwa ta cika da kukan awakin da suka saba yawo. In shuka masara a sama, kuɓewa da rama da yakuwa a tsakiya, wake a tsakanin kunya, kabewa kuma a bar ta ta bi inda take so, don ba ta jin magana. Da kaka a cire, a shanya kuɓewa a kan tabarma, a ɗora harawa a kan rufi. Daga nan sai aikin ya gangara bakin rafi, a ja fangali, wato ƴan ƙananan kwamin da ke riƙe ruwa, a sa latas da alayyafo da albasa mai lawashi, masu abinci daga Kongo su zo su saya. A daidai wannan lokaci ne ake sakin awakin unguwa, kuma babu wani kore a duk yankin sai nawa.

Shi ya sa shinge ya fi komai muhimmanci. Namu na kara ne, ana ɗaure shi a jikin sanduna. Gara tana cin karan, tana cin sandunan, kowace shekara sai an sake. Mahaifina yana da wata al'ada da na ɗauka ina yaro don maganin gara yake yi. Kafin ya kafa sanda sai ya tura gindinta cikin wuta ya babbake. Sai da na girma na gane ba don gara kaɗai ba ne. Yana kashe sandar ne, kada ta yi saiwa a ƙasar mutane.

To, wata bazara baya ya riƙe ni. Na sunkuya ɗaukar baro, ban miƙe ba sai bayan makonni. Ina kwance a kan tabarma ina ba da umarnin da babu mai bi, iska ta farkon damina ta kwantar da shingen gefen gabas gaba ɗaya. Gwamnati ta karɓi riƙon ƙwarya. Ta ji wata maƙwabciya a Gyallesu tana sare zogalenta da ya yi tsawo, ta je ita da ƙanwarta suka kwaso sandunan kyauta, suka kafa, suka ɗaure kara. Ta dawo tana wanke hannu ta ce, "Sarkin Noma, an gama. Abin da kake kwana kana yi wa nishi, ga shi mata sun yi kafin la'asar."

Na ce, "Kun babbake gindin?"

Ta ce, "Gindin wa?"

Na juya na fuskanci bango, don bayan da ke ciwo ba ya son doguwar magana.

Ranar da na fara takawa da sanda na gangara fili, ruwa ya riga ya zauna. Sandunan gefen gabas duk sun yi toho. Ƴan ganye ƙanana, kore shar, a jere kamar ƴan makaranta ranar rabon sakamako. Na tsaya na dube su, su ma suka dube ni. Na koma gida na kira taron gaggawa.

"Shingenki ya tsiro."

"Alhamdu lillahi."

"Ba wurin hamdala ba ne. Itace ne a filin Malam."

"Wane itace? Zogale ne fa. Abin miya."

"Abin miyar da ke fin soro tsawo."

"To je ka tumɓuke. Masararka ta kai gwiwa, tumakin masu wucewa na hanya. Ka buɗe musu gabas, su shigo su yi maka barka da samun sauƙi."

Gaskiya ta faɗa, kuma na tsani ranar da take faɗar gaskiya. Aka ɗage zama zuwa kaka. Da kaka ta zo aka saki awakin unguwa, ga latas a ƙasa, ba halin taɓa shinge. Aka ɗage zuwa bazara. Da bazara kuwa babu ciyawa ko ta magani, buhun dusa ya yi tsada, awakin Gwamnati ba su da wani ɗanyen abu sai ganyen zogalen nan. A taƙaice, mun bincika shekara daga farkonta har ƙarshenta, ba mu sami watan da ya dace a cire shi ba.

Kuma dole in yi masa adalci, ya yi aiki. Gara ba ta cin itace mai rai, gefen gabas ya huta da gyara. Akuyar da kullum ɗa guda take haifa ta fara kawo tagwaye. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya zama abincin rana, dambu ya zama na Juma'a. Matan unguwa suka riƙa sallama da kwano, Gwamnati tana rabo tana karɓar gaisuwa kamar mai naɗi. Ni dai abin da nake yi shi ne in sare kawunan duk lokacin da suka wuce tsayin mutum, don kada a hango su daga titi. Ashe zogale sara yake so. Ka sare ɗaya, ya fito da huɗu.

Malam ba ya zuwa fili. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, daga zaure sai masallaci. Ni nake zuwa, duk kaka, da buhun masara a bayan acaɓa, da busasshiyar kuɓewa, da zakara ɗaya daga ma'aikatar Gwamnati, wanda take bayarwa da dogon jawabi. A kaka ta uku ta ce za ta bi ni, ta daɗe ba ta gaida Inna ba, matar Malam, ta kuma ji an ce hawan jini na damunta. Ban duba ƙunshin da ta riƙo ba. Namiji mai hankali ba ya duba ƙunshin matarsa.

Ina zaure muna gaisawa da Malam, ita ta shige ciki. Abin da ya faru a can, daga bakinta na ji shi a hanyar dawowa, tana ba ni labari da fara'a. Ta kwance ƙunshi, busasshen zogale ne, an shanya shi a inuwa, ko tsinke babu. Inna ta shafa, ta sansana, ta ce a wace kasuwa ake samun mai kyau haka. Gwamnati ta ce, "Kasuwa kuma, Inna? Ai naku ne. Daga filinku aka tsinko. Ga shi can jere guda, kamar an ja zare."

Na ce, "Wa ke wurin?"

"Ba kowa. Sai Alhaji, yana cin abinci."

Alhaji shi ne babban ɗan Malam, ma'aikacin gwamnati, ta gaske ba irin tawa ba, yana zaune a Hanwa. Shi ke kula da duk wata dukiyar gidan.

Ran Asabar na ji ƙarar mota a bakin hanya. Ya gangaro da farar shadda yana ɗage ƙafar wando, ya gaishe ni har da rusunawa, don yaro ne mai tarbiyya ko da yake shi ma furfura ta fara. Ya yabi latas. Ya tambayi baya. Sannan ya taka zuwa gabas, ya dafa ɗaya daga cikinsu, wanda kaurinsa ya kai cinyata.

"Baba, wannan fa?"

"Shinge ne, Alhaji."

"Shinge da fure?"

"Na zamani ne."

Ya yi dariya, amma bai cire hannunsa ba. Ya ce, "Baba, wa ya dasa?"

Na gyara tsayuwa na ba shi amsa irin ta ofis. Na ce bincike ya nuna babu wanda ya dasa. An kafa sanduna ne a lokacin da shugaban ma'aikata yake hutun rashin lafiya, sandunan kuma suka ƙi mutuwa, ba tare da izinin kowa ba.

Ya ce, "Na yarda. Amma ka san abin da ya same mu a wani filin Malam na hanyar Hanwa? Mutumin kirki ne aka ara wa, kamar kai. Ya rasu. Jikokinsa suka nuna wa mutane gwaiba da dalbejiya suka ce kakansu ya dasa. Har yau muna kai da kawo. Ƙannena sun ce a karɓe duk filayen aro a zagaye da bulo. Ni ne nake cewa a dakata. Yanzu me zan ce musu?"

Na dubi fangalin albasa, na dubi turken da nake ɗaure tunkiya idan na zo da ita. In an zagaye wurin nan da bulo, babu harawa, babu awaki, babu abin da zai fitar da ni daga gida da safe. Sai in koma cikin tsofaffin da ke zama a benci bakin titi suna ƙirga motoci.

Ya ce a je gaban Malam.

Muka je bayan la'asar, lokacin da ɗalibai suka tashi. Malam yana kan buzu, littattafai jibge a gefensa. Ya girme ni da kaɗan, tun muna yara yake kirana Ɗan Boko, saboda aji huɗun nan, ni kuma ban taɓa gyara masa ba.

"Ɗan Boko, an ce ka yi mini daji."

"Allah gafarta Malam, tambaya na zo da ita. Shin zogale itace ne ko ganye? In itace ne, me ya sa ake cin sa da ƙuli? In kuwa ganye ne, to rama ma ganye ce, kuma ba a taɓa hana ni ba."

"Ramarka tana kwana a fili da rani?"

"Ba ta kwana."

"Ana hawa rama?"

"Zogale ma ba a hawa, Allah gafarta Malam. Karyewa yake."

"Ka gwada ke nan."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Malam ya yi murmushi, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce Inna ta ji daɗin ganyen ƙwarai, a faɗa wa mai ɗakina. Ya tambayi tagwayen akuya, don labari ya riga ni isowa. Har na fara sakin jiki. Sai ya ce, "Ni na san ka, na san mahaifinka. Ko kuka ka dasa a wurin nan ba zan rasa barci ba. Amma kwanana nawa ya rage? Yaran nan ba su san ƴaƴanka ba, naka ba su san su ba. Ka cire. Da saiwa. Da hannunka, a gaban wannan," ya nuna Alhaji da haɓa, "don ya sami abin faɗa wa ƙannensa. In ka yi haka, aro yana nan."

Na ce na ji, na gode.

A gida na karanta wa Gwamnati hukunci. Ta ce, "Wato kyautar da na kai ce ta jawo."

"Ban ce ba."

"Fuskarka ta ce."

"Fuskata tun haihuwa haka take."

Washegari da sassafe ta riga ni fili da buhuna da ƙanwarta, suka tsinke ganyen tas, har na can ƙololuwa, suka bar itatuwan tsirara. Rufin gidanmu da tsakar gida da ƙarƙashin gado duk suka zama wurin shanya.

Alhaji ya zo ranar da aka sa, wannan karon da tsohon wando. Na fara da gatari, sannan diga. Jikin zogale laushi ne, sara biyu ya faɗi. Saiwar ce aiki. Fara ce, mai kauri kamar doya, ta nutse ƙasa, tana da wani yaji da ke shiga hanci. Ana cikin na uku bayana ya aiko da gargaɗi. Alhaji ya miƙo hannu ya ce in ba shi digar.

Na ce, "Malam ya ce da hannuna."

"Bai ce ba mai taya ka ba, Baba."

"Ka taɓa riƙe diga?"

"A makaranta, da aka yi mana horo."

Ya riƙe ta kamar biro. Amma ya haƙa, har tafinsa ya yi bororo, ni ina fizge saiwar ina jefawa gefe don sharaɗi ya cika. Mai unguwa ya biyo ta wurin, ya tsaya ya kalla, ya ce Allah ya ba da lada, ya wuce. Na lura Alhaji ya ji daɗin wucewar tasa, don an sami shaida. Gwamnati ta aiko da dambun zogale a kwanon sha, ba saƙo ba gaisuwa. Muka zauna a kan kututture muka cinye.

Gefen gabas ya koma kara da matattun sanduna, gara ta dawo bakin aikinta. A bazarar da ta biyo aka sayar da awaki biyu, don ciyarwa ta gagara. Gwamnati ta kafa sandar zogale ɗaya a tsakar gidanmu, bayan madafa, ta zagaye ta da tsohon kwano da ƙaya, ta ce wannan ƙasar dai ba ta aro ba ce, in kuma ina da ja in kai ƙara.

Malam ya rasu bayan damina biyu. Aka yi rabon gado. Sauran filayen aro duk an karɓe, na ga bulo yana tashi a wasu. Namu ya faɗo a rabon wata ƴarsa, malamar asibiti, wadda ban taɓa gani ba sai a wurin ta'aziyya. Alhaji ne ya kawo ta fili. Ta tsaya a bakin shinge da jakarta a hannu, ya ce mata, "Wannan ne Baban da na gaya miki." Ta gaishe ni, ta zagaya da ido, ta ce tana da niyyar gini, amma ba yanzu ba, yara na makaranta. In ci gaba, ranar da ta shirya za ta faɗa mini tun kafin shuka, kada in yi asarar iri.

Bayan mako guda tifa ta zo ta juye yashi a kusurwar sama, inda nake sa masara. Direban ya ce Hajiya, sabuwar mai filin, ce ta aiko, a bar shi nan. Na rage kunya biyar ko shida, na ja sauran suka kauce masa. Bana damina ta huɗu ke nan yana wurin. Ruwa yana ɗan janye shi zuwa gangare, nakan tara shi da shebur in mayar, kada ta zo ta ce ya ragu a hannuna. Kabewa ta gano shi tun bara, ta haye, ta yi ƴaƴa a can sama. Na kai wa Hajiya biyu da kaka.